Albarka, Saje

A tashar motar Zuru akwai wata mata mai sayar da tuwo, sunanta Fadima, amma direbobi Uwar Rufaida suke ce mata. Mijinta Yusha'u direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da yara ƙanana da gona ɗaya a bayan Rikoto. Ba ta je gidan kowa da kuka ba. Ta ɗaure zani, ta kafa tukunya a bakin tasha, da muciya ta riƙe yaran nan har kowa ya kama gabansa. Karatunta bai wuce rubuta sunanta ba, amma duk faɗin Zuru babu wanda ya taɓa cin ta a ciniki. Mace ce mai ji da kanta, kuma maganar gaskiya tana da abin da za ta ji da kanta a kai. Inda ta yi kuskure shi ne ta ɗauka kome na duniya ciniki ne.

Bayan tuwo, Fadima tana kiwon raguna don Sallah, tana kuma karɓar girkin biki da na suna. A nan ne aka san halinta. Kome ka taya, kafin ka rufe baki ta ce maka albarka. Ko tayin ya yi mata daɗi, albarka za ta ce, don a ganinta wanda ya sallama a tayin farko ya raina kayansa. Tana da wata doka kuma wadda ba ta taɓa karyawa: in mai saye ya juya ya tafi, ba ta kiran shi. Sauran mata sukan bar mutum ya yi 'yan taku su ce ya dawo an sallama. Ita kam sai ta ci gaba da tuƙinta. Takan ce ƙafar da ta tafi da mutum ita za ta dawo da shi. Kuma da yake ragunanta sun ƙoshi, girkinta babu na biyunsa, yawanci dawowa suke yi. Wannan ya ƙara mata ƙarfin kai.

Ana nan sai wani tsohon soja ya kafa rumfa a ƙetaren titi, daidai da tata. Sunansa Ladan, ana ce masa Saje, Badakkare ne ɗan Rikoto. Aikin kuku ya yi a soja, ya dafa wa manyan hafsoshi abinci a bariki daban-daban, har ƙasar waje ya je da tukunyarsa. Matarsa ta rasu, ya yi ritaya, ya dawo gida, zaman banza ya gagare shi. Dafa-duka yake yi da farfesun ƙafar sa. Mutum ne gajere mai ƙirji, maganarsa ba ta da yawa, rumfarsa kuwa kullum a share, cokula a jere kamar za a yi musu fareti.

Fadima ba ta ɗauke shi a bakin kome ba da farko. Ta ce namijin da ya ɗaura zanin girki ai sai dai a yi masa addu'a. Amma ƙanshin farfesun nan ba ya jin magana, titi yake ƙetarowa ya shigo har cikin rumfarta. Sai ta ga 'yan kabu-kabu suna sayen tuwo a wurinta, su ɗauki kwanonta su ƙetara a zuba musu romo a can. Ranar ta kafa doka: kwanonta ba ya ƙetara titi, wanda ya ƙetara da shi kada ya sake zama a bencinta.

Washegari Saje da kansa ya zo, ya yi sallama, ya zauna, ya sayi malmala biyu da miyar kuka. Ya ci a natse, ya suɗe hannu, ya sa aka ƙara masa shinkafa ya ɗanɗana. Sannan ya miƙe ya ce:

"Uwar Rufaida, miyarki ta fi tawa. Shinkafata ta fi taki."

Kan maganar nan Fadima ta yi mako tana faɗa. Rabin farko ba ta ji shi ba, rabin ƙarshe kaɗai ta riƙe. Ta canza mai kawo mata shinkafa, ta rage ruwa, ta koyi turara ta da garwashi a kan murfi. Shi ma can da ya ji direbobi suna yabon daddawarta, ya shiga neman inda take sayowa. In ya ƙara nama, ta ƙara man shanu. In ta fito da miyar sure, wato yakuwa, gobe ya fito da farfesun kifi. Wani direban Kontagora mai suna Lukuman shi ne mai kai gulma tsakani. Ya zo nan ya ce Saje ya ce tuwonta ya yi gudaji, ya koma can ya ce Uwar Rufaida ta ce farfesun Saje ruwan wanke hannu ne, alhali rabin maganar shi yake ƙirƙira don a ƙara masa nama. Mutanen tasha dai ba su taɓa cin daɗi irin na wannan lokaci ba. Har daga Wasagu mutum yakan riƙe yunwarsa sai ya iso Zuru.

A cikin wannan yaƙi ne ɗiyarta Rufaida, wadda ke aure a Birnin Kebbi, ta zo ganin gida ta kawo mata waya. Ta cika mata memori da littattafan soyayya, irin waɗanda wata ke karantawa kai kana saurare. Fadima ta ce ita ba yarinya ba ce, amma da safe in tana wanke tukwane sai ta soke wayar a bakin zani ta kunna, wai don kada shiru ya yi yawa.

Wani littafi a ciki ya kama ta. Labarin wasu masu girki biyu ne a Abuja, Khairunnisa da Abdulrashid, kowa da gidan abincinsa, suna gaba da juna kamar su kashe kansu, ana ta haɗa su gasar girki a talabijin. Da farko Fadima faɗa take yi da wayar. Ta ce wace irin kuku ce wannan, babi nawa aka wuce ko sau ɗaya ba ta jefa daddawa a miya ba. Ta ce yarinyar da ke girki da dogon farce ai guba take dafawa. Amma a hankali faɗan ya ragu, hannunta ya riƙa tsayawa a cikin ruwan wanke-wanke. Abdulrashid ya soma son Khairunnisa. Ita kuwa ta gane, ta ƙara ɗaure fuska. Fadima ta ɗaga kai ta dubi ƙetaren titi, ta ga Saje yana goge cokula, ta yi sauri ta sunkuyar da kai.

Da damina ta kama, wata iska ta kwashe rufin rumfarta. Da ta iso da safe sai ta tarar da Saje a sama da guduma, ya kusa gamawa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta tambaye shi wa ya sa shi. Ya ce babu. Ta tambaye shi ladan aikinsa, ya sauko, ya kakkaɓe wando, ya ƙetara titi ba tare da ya amsa ba. Bayan wannan sai ta riƙa tarar da itace a faskare a bayan rumfa. Murhunta da ya tsage, aka sake gina shi da laka mai kyau, irin na bariki wanda ba ya cin itace. Wata Lahadi ta leƙa gonar marigayi a bayan Rikoto, wadda ciyawa ta saba cinyewa don ba ta da lokacin ta, ta tarar an yi mata noman fari, kunya-kunya a miƙe kamar da zare aka ja. Da Litinin kuwa yaƙi ya ci gaba kamar kullum, ya ƙara nama, ta ƙara man shanu.

Fadima tana da ƙawa tun ta ƙuruciya, Theresa, mai sayar da daddawa, ita ce ma ke kawo mata. Theresa ƙanwar Saje ce, ɗiyar ƙanen babansa, gidansu irin gidajen nan ne na Zuru da ɗaki ɗaya ke zuwa coci, na kusa da shi ke zuwa masallaci. Fadima ta tare ta da zancen gona, wai ta gaya wa yayanta ita ba ta karɓar sadaka.

Theresa ta yi dariya har ta dafa benci.

"Fadi, a Zuru aka haife ki ko a mota aka sauke ki? Namiji ya noma gonar gidanku bai ce uffan ba, ki ce sadaka? Golmo yake yi."

Fadima ta san golmo, babu ɗan Zuru da bai san shi ba. Al'adar Dakarkari ce, saurayi ya yi shekaru yana noma wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, ba ya buɗe baki ya yabi kansa, gonar ce ke yi masa magana. Abin da ba ta taɓa ji ba shi ne tsoho mai furfura ya yi wa bazawara, wadda ba ta da uban da za a noma wa. Ta ce wa Theresa yayanta ya tsufa da wasa. Amma ranar nan ta zuba gishiri sau biyu a miya.

Gaskiyar da Fadima ba ta gaya wa kowa ba ita ce, tana son shi. Yara sun watse, gida ya yi mata faɗi. Kullum ta ciyar da tasha guda, ta koma ta ci nata ita kaɗai a bakin ƙofa. Ta ga mutumin da ya san zafin wuta kamar yadda ta san shi, wanda zai ɗanɗana miya ya gane an canza barkono. Ta kan kama kanta tana lissafin yadda za a haɗe rumfunan biyu, tuwo nan, farfesu nan, kwano ya daina ƙetara titi. Ta soma ware tsoka mai kyau a gefen tukunya, sai kuma ta tuna ba ta da hanyar aika masa, ta ba Lukuman.

Littafin kuwa yana ta tafiya. An zo inda Abdulrashid ya nemi auren Khairunnisa a gaban jama'a, a wurin gasa, ita kuma ta dube shi sama da ƙasa ta ce ba ta yi. Mai karatu ta ce a ranar ne ya san darajarta, ya kasa ci, ya kasa barci. Fadima ta buga cinya ta ce yanzu yarinyar nan ta yi hankali. Abin da ta sani a kasuwa ke nan, ga shi har masu ilimin Abuja sun rubuta shi a littafi. Ba a sallamawa a tayin farko.

Ta faɗa wa Theresa haka. Theresa ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce mata yayanta ba ɗan littafi ba ne. Ta ce mutum ne da ya yi shekaru ana ba shi oda sau ɗaya yana bi, shi ma sau ɗaya yake magana. Ta ce ko matarsa ta fari, da ya gama golmo, tambaya ɗaya ya yi. Fadima ta ce ai shi ya sa bai san daɗin abin da aka sha wahala a kai ba, ita za ta koya masa.

Kaka ta yi. Saje ya girbe dawar gonar marigayi, ya sa aka sussuka, aka kawo buhuna har ƙofar gidanta. Tun rasuwar Yusha'u gonar ba ta taɓa ba da irin wannan ba. Bayan 'yan kwanaki, ranar kasuwa da la'asar, cinikin rana ya lafa, Fadima tana kankare tukunya, sai ga shi ya ƙetaro. Ba da rigar girki ba. Farin yadi ya sa, da hula, takalmi ya sha gogewa. Lukuman da wasu 'yan kamasho suna zaune a benci suna sakace. Saje ya gaishe su, ya matso kusa da murhu, ya rage murya don maganar ta tsaya tsakaninsu.

"Uwar Rufaida, kin ga aikina. Ina so in tura manya wurin 'yan'uwanki. Na zo in ji daga bakinki tukuna."

Ga abin da Fadima take jira ya zo. Da ta yi shiru ma ta sunkuyar da kai, da ya gane. Amma ta tuna Khairunnisa a gaban jama'a, ta ga ido a benci. Ta ajiye cokalin kankara, ta goge hannu a zani, ta dube shi sama da ƙasa yadda take duban mai tayin rago, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Albarka, Saje."

Benci ya kwashe da dariya. Lukuman ya ce a ƙara, Saje, a ƙara, kayan na da tsada. Saje bai dube su ba. Ita yake kallo.

"Albarka ta addu'a, ko ta ciniki?"

Ka ga mutumin kirki. Ƙofa ce ya buɗe mata. Da ta ce ta addu'a, da dariyar ta koma guɗa, da kowa ya ce Uwar Rufaida ta iya wasa. Ita ma ta ga ƙofar. Sai dai an riga an yi dariya, dariyar kuma ta yi mata daɗi.

"Mi ka gani a gabanka, masallaci ko kasuwa? Ta ciniki."

Saje ya gyaɗa kai a hankali.

"To. Ni ban zo da ƙari ba. Duk abin da ke gare ni na riga na aje a gonarki."

Ya yi wa mutanen benci sallama, ya juya. Fadima ta bi shi da ido. Yana tafiya a hankali, ba tafiyar soja ba. Da ya kai tsakiyar titi sai ya tsaya, ya sa hannu yana gyara hular da ba ta karkace ba. Fadima ta san wannan tsayuwa, ta gan ta a kasuwa ba adadi. Tsayuwar mai saye ce wanda kayan suka shiga ransa, yana jira a ce ya dawo. Bakinta ya buɗe. Kalma ɗaya ce, Saje. Amma Lukuman yana kallonta, duk tasha ta san Uwar Rufaida ba ta kiran wanda ya juya. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da kankare tukunya. Da ta sake ɗaga kai, ya shige rumfarsa.

Ba ta damu ba a ranar. Ta koma gida tana jin kanta, ta ce yanzu ne cinikin ya fara. Da safe ta kunna waya ta ji sauran littafin. Kamar yadda ta zata, Abdulrashid ya rame, ya aiko da furanni, aka mayar masa, ya aiko da mota, aka mayar masa, a ƙarshe ya bi Khairunnisa har filin jirgi ya durƙusa yana hawaye. Fadima ta ce ita ba ta son fure, ba a miya da shi, amma durƙuson ya yi. Ta sayi sabuwar atamfa ta ajiye.

Saje bai rame ba. Kullum da safe yakan ɗaga hannu ya gaishe ta daga ƙetare, da ladabi, kamar yadda yake gaishe da mai shayi. Itacen bayan rumfa ya ƙare, wani bai zo ba. Abin da ya fi ci mata rai, ya daina yaƙin. Ta fito da miyar taushe da kabewa da tantaƙwashi, ta jira ta ga da me zai rama, bai rama ba. Lukuman ya kai masa gulma, ya dawo ya ce Saje ya ce Allah ya ƙara mata kasuwa.

Theresa ta zo ta zauna da ita. Ta ce abin bai lalace ba tukuna. Ta ce ba sai ta yi magana ba, ta zuba tuwo a kwano ɗaya, ita Theresa za ta ƙetara da shi, yayanta zai gane. Fadima ta ce kwanonta ba ya ƙetara titi. Theresa ta ce ai ita ta kafa dokar, ita za ta iya kwance ta. Fadima ta ce in yana so ya san hanya, ƙafar da ta tafi da shi ba ta karye ba. Ta ƙara da cewa a littafi ma sai da aka kai babin ƙarshe.

"Fadi," in ji Theresa, "wanga littafi naki, wa ya rubuta shi?"

"Wata yarinya ce."

"To ita ta juyo da yaron nan da alƙalaminta. Yayana wa zai juyo miki da shi?"

Fadima ta ce daddawar wannan makon ba ta yi ƙanshi ba. Theresa ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Kafin wata damina, Saje ya kwance rumfarsa. Ya ce gwiwa ta soma damun shi da tsayuwa, zai koma Sakaba inda yake da fili ya yi noma. Ya zo ya yi mata sallama kamar yadda ya yi wa kowa, ya ce a yafe masa in ya yi laifi. Aka ɗora manyan tukwanensa a bayan a-kori-kura, tana kallo. Ko a lokacin tana jiran motar ta tsaya a bakin tasha ya sauko. Motar ba ta tsaya ba.

Duk cinikin tasha ya dawo hannunta. 'Yan kamasho suka ce Uwar Rufaida ta kori soja da muciya, ta karɓi kirarin tana murmushi. Bencinta ya cika har ta ƙara wani. Amma girki ya zame mata aiki kawai. Babu wanda za ta yi wa ƙarin man shanu don ya ji haushi. Wata rana Lukuman ya ci ya ture kwano, ya ce miyar yau kamar mai yin ta ba ta gida. Ta kore shi, sannan ta ɗanɗana, ta ga bai yi ƙarya ba. Atamfar tana cikin akwati ba a ɗinka ba.

Bayan an yi girbi, Theresa ta zo da wata safiya, ba kwando a kanta. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi Rufaida, ta tambayi jikoki, ta tambayi raguna. Sannan ta ce Saje zai yi aure. Wata bazawara ce a Sakaba, maƙwabciyar gonarsa, mace mai haƙuri, girkinta dai a ci a ƙoshi. Ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce to. Za a yi walima a gidansu na Rikoto, za a tara dangi da tsofaffin sojoji abokansa. Kuma Saje ya ce shi ba zai ciyar da mutanensa girkin kowa ba sai na Uwar Rufaida, in za ta karɓa. In ba za ta karɓa ba, babu laifi.

Fadima tana tuƙin tuwo, ba ta tsaya ba. Theresa ta gyara zama, don ta san abin da ke gabanta. Duk wanda ya zo cinikin girkin biki wurin Fadima da guzurin haƙuri yake zuwa. Ta fara da tayi na ƙasa can, irin wanda ake yi don a sami wurin hawa, ta ja numfashi tana jiran kalmar da ta sani.

"Na sallama," in ji Fadima.

Theresa ta zata ba ta ji daidai ba. Ta maimaita tayin. Fadima ta ce ta ji, ta sallama, a gaya mata rana. Theresa ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Tun suna 'yan mata ba ta taɓa jin kalmar nan ta fito da wuri daga wannan baki ba.

Ranar walima Fadima ta ɗinke atamfar nan ta sa. Ta kafa tukwane a bayan gidan su Theresa tun da sassafe, ba ta bar kowa ya taɓa mata ludayi ba. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta yi na dawa da miyar kuka, ta yi dafa-duka wadda kowace ƙwaya ta tsaya da kanta. Har yau in ana zancen girkin biki a Rikoto, da wannan ake gwadawa. Tsofaffin sojoji suka ci suka kwance maɓallin riga. Wani a cikinsu ya ce ko a gidan janar bai ci irin wannan ba.

Da jama'a suka ragu, Saje ya zagayo bayan gida don godiya. Ya tsaya nesa kaɗan da murhu, cikin babbar riga, ya yi mata sannu da aiki.

"Miyarki har yanzu ta fi tawa," ya ce.

"Shinkafar fa?"

"Yau ta wuce tawa."

Fadima ta gyara itace a wuta, ko da yake babu sauran abin dafawa. Tana da tambaya ɗaya, ta san in ba ta yi yau ba, ba za ta sake samun wuri ba.

"Saje, ran nan a tasha. Da na kira ka fa?"

Ya dube ta.

"Na tsaya a tsakiyar titi har ɗan kabu-kabu ya zage ni, Uwar Rufaida."

Daga cikin gida aka kira ango. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya tafi. Fadima ta miƙe, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta wanke tukwanenta da hannunta har suna ƙyalli, ta bi ta tsakiyar taro ta fita kanta a sama, tana amsa gaisuwa. Babu wanda ya ga hawayenta, ban kuma ce ta yi ba. Washegari ta buɗe rumfa a kan lokaci. Har yau tana nan a tasha, tuwonta ne na ɗaya, wayar ma tana nan a bakin zani. Sai dai in littafi ya kai inda yarinya ta kori saurayi a gaban mutane, takan kashe, ta ce wa wayar ƙarya kike yi.

Darasin wannan labari, musamman ga mata 'yan'uwa, ba cewa ake mace ta zubar da darajarta ba. Wadda ta riƙe gida da guminta tana da ikon ta ɗaga kai, kuma kayan kirki ba a sayar da su da arha. Amma a san abin da ake ciniki da abin da ba a ciniki. Rago ake tayawa a ƙara, mutumin da ya kawo maka zuciyarsa da aikin hannunsa ba shi da ƙarin da ya ɓoye a aljihu. Kada a wulaƙanta shi don benci ya yi dariya, masu dariyar gidajensu za su koma su bar ka kai kaɗai. Littafin soyayya a saurare shi a ji daɗi, amma a tuna akwai mai alƙalami a bayansa da ke dawo da wanda ya tafi, a rayuwa kuwa bakinka ne kaɗai zai dawo da shi. In ka yi kuskure, ka ga mutum ya tsaya a tsakiyar titi yana gyara hula, ka kira shi tun bai ƙetare ba.